Wa ke riƙe da ƙaho, wa ke tatsa? Jami'a, kamfani da ƙirƙirarriyar basira a ɗakunan bincike na Ghana

A ƙananan asibitocin Aboabo da Asawase a Kumasi, babu aikin da ke cinye lokacin ma'aikacin ɗakin gwaji kamar duba jinin maleriya. Uwa ta kawo yaro jikinsa ya yi zafi zau, a soki ɗan yatsansa, a ɗiga jini a kan gilashi, a baza shi kamar faɗin ƙaramin kwabo, a bar shi ya bushe. Sai a zuba masa ruwan rini na Giemsa. In ana sauri, a haɗa rinin kashi 10 cikin 100 a bar shi minti 10; in gilasan da yawa ne kuma babu gaggawa, a haɗa kashi 3 cikin 100 a bar shi minti 45 zuwa awa guda. Daga nan a ɗiga mai, a sa a ƙarƙashin madubin likita, ma'aikaci ya duƙa ya fara lalube. Ba zai rubuta "babu komai" ba sai ya duba fili 100 aƙalla (fili shi ne ɗan da'irar da ido ke gani a madubin a kallo ɗaya), wasu ƙa'idojin ma 200 suka ce. In ya ga ƙwayoyin cutar, sai ya riƙa ƙirga su tare da fararen ƙwayoyin jini har fararen su kai 200. A ce ya samu ƙwayar cuta 150: ya ninka da 8,000, adadin fararen ƙwayoyin da ake ƙaddara suna cikin maikirolita ɗaya, ya raba da 200, ya rubuta 6,000 a kowace maikirolita ta jini. A waje kuwa uwar na leƙowa ta taga tana cewa, "Malam, har yanzu jinin bai fito ba?"

Kallon hoto, gane siffa, ƙirga abu: wannan shi ne ainihin irin aikin da ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta ƙware a kai. Idonta ba ya yaji da ƙarfe uku na yamma, kuma gilashi na sittin da na farko duk ɗaya ne a wurinta. Shi ya sa masu bincike suka daɗe suna gwada ta a kan jinin maleriya. A Jami'ar Makerere ta Yuganda an yi shekaru ana maƙala wayar hannu a bakin madubin likita ana ɗaukar hotuna don koya wa manhaja. Da wannan aiki ɗaya za a iya fahimtar duk abin da ke faruwa idan jami'a da kamfani suka ce za su haɗa hannu, domin kowane irin saɓani da ke tasowa tsakaninsu yana cikinsa.

Ba da bayani ake koya wa manhaja siffar ƙwayar maleriya ba. Ana nuna mata dubban hotuna waɗanda ƙwararre ya riga ya zagaye kowace ƙwaya a cikinsu. Ta canka, a nuna mata inda ta kuskure, ta ɗan gyara miliyoyin lambobin da ke cikinta, ta sake canka, haka har kuskuren ya ragu. Kamar yaron gareji ne a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, da ke gane ciwon inji daga ƙararsa saboda ya ji dubban injuna. Sai dai yaron gareji yana iya tambayar maigidansa dalili, ita kuwa manhaja duk abin da ta ga yana yawan zuwa tare da amsa, shi take kamawa, ko da ba shi da alaƙa da cutar. Wannan halin nata shi ne tushen yawancin matsalolin da za su biyo baya.

Me ya sa jami'a ba za ta yi aikin ita kaɗai ba? Domin nauyin wannan fanni ya riga ya karkata zuwa kamfanoni. Wani nazari da mujallar Science ta wallafa a 2023 ya nuna cewa a 2004 kusan kashi 21 cikin 100 ne na masu kammala digirin digirgir a fannin AI ke tafiya kamfanoni, amma zuwa 2020 sun kusa kashi 70. Manyan kwamfutoci ma can suke. Misalin da kowa ke kawowa shi ne AlphaFold na kamfanin DeepMind, wadda a 2020 ta nuna tana iya hasashen yadda furotin, sinadarin da ke gina jikin halitta, ke naɗewa, aikin da a da yakan ci wa ɗalibi shekaru a kan furotin guda. Zuwa 2022 an saki hasashen siffofi fiye da miliyan 200 kyauta, kuma a 2024 Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker. Mai binciken ƙwayar maleriya a cibiyoyin binciken cututtuka na Noguchi ko WACCBIP da ke Jami'ar Ghana a Legon yau yana iya sauke siffar furotin ɗin da yake nema cikin minti kaɗan.

Amma akwai ɓangaren labarin da ba a cika faɗa ba. AlphaFold ta koyi aikinta ne daga siffofi kusan 170,000 da masana a jami'o'i da cibiyoyin gwamnati suka yi ta tarawa a rumbu ɗaya na kowa da kowa tun 1971. Da aka fitar da AlphaFold 3 a watan Mayu na 2024, an wallafa takardar ba tare da sakin ainihin manhajar ba. Sai da masana suka yi ca, sannan a Nuwamba aka sake ta, ita ma don binciken da ba na kasuwanci ba. Idan har masanan Turai da Amurka, da duk ƙarfin aljihunsu, sai da suka ɗaga murya kafin su ga abin da aka gina da guminsu, to malamin jami'a a Kumasi da ke zaune gaban lauyan kamfani ya san ba da wasa zai karanta takarda ba.

Ghana ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Accra Google ya buɗe cibiyarsa ta binciken AI ta farko a Afirka a 2019, ƙarƙashin jagorancin Moustapha Cissé ɗan Senegal, kuma daga can aka fitar da taswirar gine-gine miliyan 516 na nahiyar a 2021, waɗanda manhaja ta zaƙulo daga hotunan tauraron ɗan'adam. A 2023 Jami'ar Ghana ta karɓi baƙuncin Deep Learning Indaba, babban taron masu wannan fanni na Afirka. A Kumasi akwai KNUST, akwai asibitin koyarwa na Komfo Anokye, akwai cibiyar KCCR da aka kafa a 1997 tare da cibiyar Bernhard Nocht ta Hamburg. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin bincike na cikin gida: Tarayyar Afirka ta sa wa ƙasashe burin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu a kan bincike, Ghana kuwa ba ta kai rabin haka ba. Wanda ba shi da kuɗinsa, da wuya ya ja ciniki.

A koma kan gilashin jini a ga yadda aikin ke tafiya. Kafin a ɗauki hoto ko guda, sai kwamitin ɗa'a ya amince, ko na jami'a ko na Hukumar Lafiya ta Ghana. Dokar kare bayanai ta 2012, wato doka mai lamba 843, ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, kuma duk mai tara bayanan mutane sai ya yi rajista da hukumar da ke kula da hakan. A takarda abin a bayyane yake. A Zango ne yake zama aiki. Takardar amincewa da Turanci ake rubuta ta, alhali tsohuwar da ta kawo jikanta wataƙila allo ta yi, ajami take karantawa. Sai a fassara mata, ta dangwala yatsa a gaban shaida. Tambayar ita ce me aka fassara. "Za mu yi bincike da jinin" ba ta isa ba. Jimlar gaskiya ita ce: "Hajiya, za mu ajiye hoton jinin yaron nan ba tare da sunansa ba, za a koya wa kwamfuta da shi, kuma wani kamfani zai iya sayar da abin da aka koya mata." In ba a faɗi kashin ƙarshen nan ba, amincewar da aka karɓa ba ta rufe kasuwanci ba, kuma ranar da maganar ta fito, jita-jitar "suna sayar da jininmu" za ta rufe ƙofar unguwa ga duk wani mai bincike na shekaru. Shi ya sa masu sanin aiki ke fara kai gaisuwa wurin sarkin Zango da limamai kafin su kafa tebur.

Sai tara hotuna, kuma a nan lissafi ke fara ba da tsoro. A ɗauki misali: marasa lafiya 1,000, kowanne fili 100, hotuna 100,000 ke nan. In kowane hoto megabait 3 ne, an tara gigabait 300, wanda ba wani abu ba ne. Abin da ke da tsada shi ne zagaye ƙwayoyin. Ko da ƙwararre zai gama hoto ɗaya a minti guda, awa 1,667 ne, wato kwana 278 in yana aikin awa 6 kullum. Kuma mutum ɗaya ba ya isa: biyu ake so su duba ba tare da ɗaya ya ga na ɗaya ba, inda suka saɓa a kira na uku ya raba gardama. Wannan shi ne mafi daraja a duk aikin, shi ne kuma aka fi raina wa a kasafin kuɗi. Sau da yawa akan ɗora shi a kan ɗalibai ko masu bautar ƙasa da ɗan alawus, su kuma su riƙa zagaye duk ɗigon da ya yi duhu don su cika adadin yini. Manhajar da ta koya daga irin wannan zagaye, ɗigon duhu za ta ƙware a kai, ba maleriya ba.

Abubuwan da ke kama da ƙwayar maleriya a ƙarƙashin madubi suna da yawa. Akwai gudajin rini idan ba a tace shi ba ko ya kwana a haɗe. Akwai ƙananan ƙwayoyin nan masu sa jini daskarewa, waɗanda in ɗaya ta hau kan jar ƙwayar jini sai ta yi tamkar cuta. Akwai ƙurar hunturu da ke sauka a kan gilashi yana shanya daga Disamba zuwa Fabrairu, da ƙudaje da tururuwa masu lasar jinin in ba a rufe ba, da fumfuna da ke kama gilashin madubi da damina. Ruwan da ake haɗa rinin da shi ma yana da ƙa'ida, ma'aunin tsaminsa ya tsaya a 7.2, in ya fi haka tsami hoton ya yi ja, in tsamin bai kai haka ba ya yi shuɗi. Ɗakin gwajin da ke haɗa rini da ruwan famfo zai fitar da launi dabam da na cibiyar bincike. Ma'aikacin da ya shekara goma a wurin idonsa ya saba, yana gyara wa kansa ba tare da ya sani ba. Manhaja kuwa in da hotuna masu tsafta na cibiya kaɗai aka horar da ita, ranar da ta ga gilashin ƙaramin asibiti sai ta rikice.

Irin wannan ya faru da manya. A Tailan, Google ya gwada manhajarsa ta duba idon masu ciwon sukari a asibitoci 11, kuma rahoton da shi kansa ya fitar a 2020 ya nuna manhajar ta ƙi karɓar fiye da kashi ɗaya cikin biyar na hotunan, galibi saboda hasken ɗakunan bai kai wanda ta saba da shi ba, ga intanet mai jan ƙafa. A ɗakin bincike ta yi daidai da ƙwararren likita; a asibitin gari ta ƙara wa ma'aikatan jinya aiki.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi kowanne yawa a takardun ɗalibai, kuma shi ne ke haifar da alƙaluman nan masu daɗin ji. Ana raba hotuna kashi biyu, na koyarwa da na jarrabawa. In aka zuba hotuna 100,000 wuri ɗaya aka raba su da ka, to hotunan mutum ɗaya za su faɗa ɓangarorin biyu. Manhaja ta riga ta ga launin gilashinsa da irin ƙurar da ke kai, don haka a jarrabawa tuna shi take yi. Satar amsa ce, ko da ba wanda ya yi niyya. Daidai shi ne a raba da mutum, ba da hoto ba. Mafi kyau ma a ware asibiti guda sukutum, a ce na Tamale ko na Nima, wanda ba a taɓa nuna mata ko hoto ɗaya daga cikinsa ba. Haka idan duk gilasan masu cuta daga asibiti ɗaya suka fito, marasa cuta kuma daga wani, manhajar za ta koyi bambance madubin asibitocin biyu ne kawai, ta ci jarrabawa da maki mai yawa.

Don haka duk wanda aka ce masa "manhajarmu tana daidai kashi 99 cikin 100", tambayar farko ita ce: a kan hoto ko a kan mutum? A ce tana ganin ƙwayar ƙarya a fili ɗaya cikin kowane 100. Mai lafiya ƙalau aka duba masa fili 100. Yiwuwar a samu aƙalla fili ɗaya da ta yi ƙarya a kai ya kai kashi 63 cikin 100. Wato kashi 99 a kan hoto na iya zama rubuta wa mutum shida cikin goma maganin da ba sa buƙata, in ba a tsara yadda za a haɗa sakamakon filayen da hankali ba. Tambaya ta biyu: a ina aka gwada? A ɗauki manhajar da ke kama masu cuta 95 cikin 100, tana kuma wanke marasa cuta 90 cikin 100. A wurin da mutum 400 cikin 1,000 ke ɗauke da cutar, za ta kama 380 na gaskiya da 60 na ƙarya, abin ba laifi. A kai ta inda 50 ne kawai cikin 1,000 ke da ita, kamar yadda maleriya ta fi sauƙi a cikin Accra in aka kwatanta da karkara, sai ta kama kusan 48 na gaskiya da 95 na ƙarya. Manhaja ɗaya, ba a canza mata komai ba, amma biyu cikin uku na waɗanda ta ce suna da cuta ba su da ita. Asibitin da ya saya bisa alƙaluman wani wuri ya yi cinikin biri a sama.

Ga kuma abin da ba a nuna mata ba. Mafi yawan maleriyar Ghana ta nau'in falciparum ce, amma akwai malariae da ovale nan da can, kuma manhajar da ba ta taɓa ganinsu ba ba za ta ce "ban sani ba" ba. Za ta ba da amsa da cikakken ƙarfin gwiwa. A Kumasi, inda aka fara gwajin sikila ga jarirai tun 1995, kusan biyu cikin kowane jariri ɗari na zuwa da cutar, kuma siffar jajayen ƙwayoyin jininsu dabam take. In ba a sa jinin irin waɗannan yara cikin hotunan koyarwa da gangan ba, su ne manhajar za ta fi yi wa kuskure, su ne kuma maleriya ta fi yi wa illa.

Wannan matsala ta wanda aka manta a cikin bayanai ba a jini kaɗai take ba. Manhajar da ke sauraron Hausa ta rubuta, yawanci da Hausar Kano da ta gidajen rediyo aka horar da ita. Hausar Nima da Sabon Zango na Accra kuwa tana da nata salo: ba ta cika damuwa da bambance namiji da mace a nahawu ba, kuma tana ɗauke da kalmomin Twi da Turanci. Duk wanda zai yi manhajar tambayar marasa lafiya da murya a Zango, sai ya naɗi muryar 'yan Zango, in ba haka ba zai dawo yana cewa mutanen ne ba su iya magana ba.

Yanzu a zo kan abin da kowane ɓangare ke kawowa teburi. Kamfani yakan ce shi ne ke da kwamfuta, kuma jami'o'i da yawa a nan suke sallamawa. Amma a irin wannan aiki ƙarfin kwamfuta ba shi ne tsada ba. Ba daga tushe ake gina manhajar ba. Ana ɗauko wadda ta riga ta koyi gane hotuna, waɗanda akwai su kyauta, a ƙara mata horo da hotunan jini. Kwamfuta guda mai katin GPU ɗaya na gigabait 24, wato katin da ke yin lissafin horar da manhaja cikin sauri, tana gama wannan cikin awoyi ko 'yan kwanaki. Abin da take buƙata shi ne ɗaki mai sanyi, da batirin riƙe wuta, da saita ta ta riƙa ajiye inda ta kai kowane rabin awa, domin duk wanda ya ga zamanin dumso, lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya san abin da ɗauke wuta ke yi wa aikin kwana biyu. Kyautar hayar kwamfuta ta intanet da kamfanoni ke bayarwa kuwa tana da wa'adi. Ranar da ta ƙare, da dala ake biya, sidi kuma kowa ya san halinta, sannan fitar da bayanan daga can ma akwai kuɗinsa. Ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, Ghana ta yi kwanaki tana fama. Manhajar da sai ta aika hoto waje kafin ta ba da amsa, a irin wannan rana ba ta da amfani. Wadda za ta yi aiki a Asawase dole ta zauna cikin wayar kanta.

Abin da kamfani ke da shi da gaske, wanda jami'a ba ta da shi, wani ne dabam. Manhajar da ke faɗin sakamakon gwaji kayan aikin likita ce, kuma a Ghana hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ce ke rajistar irin waɗannan kaya. Bin wannan layi, da tara takardun inganci, da horar da ma'aikata a asibiti ɗari, da amsa waya in abu ya lalace, duk ba aikin malamin da ke da ɗalibai ɗari uku da jarrabawa a gabansa ba ne. Ɗalibin da ya rubuta manhajar zai kammala ya tafi, wataƙila ma kamfanin ne zai ɗauke shi da albashin da jami'a ba ta iya biya. Ɗakunan ajiyar jami'o'i cike suke da ayyuka masu kyau da suka mutu ranar da aka kare kundi. Saboda haka masu cewa a kori kamfani gaba ɗaya ba su faɗi wanda zai ɗauki wannan nauyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Magana ita ce wa zai kwana a ɗakin in an rufa shi.

A yarjejeniya ake yanke wannan, kuma yawancin asarar a jimla ɗaya take ɓuya. Abubuwa uku ne dabam-dabam: hotunan, da zagayen da ƙwararru suka yi musu, da lambobin da manhaja ta koya daga gare su. Yarjejeniya takan ce "bayanan mallakar jami'a ne", kowa ya yi murna ya sa hannu, alhali ba ta ce komai a kan na ukun ba. Kamfani na iya mayar da hotunan duka, ya goge nasa kwafin, ya riƙe manhajar da ta riga ta tsotse abin da ke cikinsu. An mayar wa mai saniya saniyarsa bayan an tatse ta. Don haka dole a rubuta ƙarara cewa jami'a na da kwafin manhajar da aka horar, da 'yancin yin bincike da koyarwa da ita har abada. Cewa ba za a yi amfani da hotunan a horar da wata manhaja dabam ba sai da sabon izini. Da kuma farashin da asibitocin gwamnatin Ghana za su biya, ko kyauta ko kuɗin ɗawainiya kawai. In ba a rubuta na ƙarshen nan ba, asibitin da ya ba da jini zai wayi gari yana biyan kuɗin wata da dala don amfani da abin da aka gina da marasa lafiyarsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai maganar wallafawa, inda buƙatun biyu ke karo kai tsaye. Malami da takarda yake samun ƙarin girma, ɗalibi da kundi yake kammalawa, kamfani kuwa sirri ne jarinsa. A Turai, da zarar an bayyana ƙirƙira a bainar jama'a, ko da a allon taro ne ko kundin da aka ajiye a laburare, damar yi mata rajistar mallaka ta faɗi. Don haka neman kamfani na ya ga takarda kafin a fitar ba zalunci ba ne. Abin da aka saba shi ne a ba shi kwana 30 zuwa 90 ya duba, ya cire sirrinsa ko ya shigar da rajista a ofishin Ghana ko a ARIPO, ofishin rajistar mallakar ƙirƙira na wasu ƙasashen Afirka da ke Harare. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne jimlar da ta ba shi ikon hana wallafawa. Ranar da sakamako ya nuna manhajar ba ta aiki a asibitin gari, wannan jimlar ce za ta binne shi, a ci gaba da tallata alƙaluman cibiya. Sunayen marubuta ma tun farko ake yanke su, har da ma'aikatan ɗakin gwajin da suka yi wata tara suna zagaye ƙwayoyi, waɗanda aka saba jefa su a layin godiya.

Wani abin da ke raunana jami'a shi ne yadda cinikin ke farawa. Sau da yawa a wurin taro ake haɗuwa, a yi musayar lamba, malami ya tura hotuna dubu biyar "don a gwada" tun ba a rubuta komai ba. Kafin maganar ta isa ofishin lauyan jami'a, kayan sun riga sun haye teku. Akwai hanyar da ke rage wannan: hotuna su zauna a kwamfutar jami'a, injiniyoyin kamfani su shigo su yi aiki a kanta da izini mai wa'adi, ana rubuta duk abin da aka sauke. In asibitoci da yawa ne, akwai dabarar da manhajar ce ke zagayawa ta koya a kowane wuri, lambobin da ta koya kaɗai ke fita. Ta fi wuya, ta fi jinkiri, kuma ba ta toshe kowace kafa, amma tana barin makulli a hannun mai ɗaki.

Ko an yi komai daidai, aikin ba ya ƙarewa ranar ƙaddamarwa. Tallafin bincike yakan ƙare cikin shekara biyu ko uku, amma ɗakin gwaji na ci gaba da canzawa: an sauya mai kawo rini, wayar da aka horar da manhaja da hotunanta ta daina fitowa kasuwa, sabuwar kuma tana ƙara wa hoto launi da kanta, an kawo sabon ma'aikaci mai baza jini da kauri. Manhajar ba za ta yi ƙara ba, ba za ta nuna jar fitila ba. Kuskurenta ne zai riƙa ƙaruwa a hankali tana ba da amsa kamar kullum. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa wa masu duba jini da ido shi ne duk wata a zaɓi gilashi 10, biyar masu ƙarancin ƙwayar cuta da biyar da aka ce babu komai, a aika wa wani ƙwararre ya sake dubawa ba tare da ya san amsar farko ba. Manhaja ma haka take buƙata, kuma wannan na nufin kuɗin akwatin gilasai, da na motar da za ta kai su daga Aboabo zuwa cibiya, da ladan mai dubawa, da sunan wanda ke da ikon cewa a dakatar da ita a koma madubi in sakamakon wata biyu a jere ya faɗi ƙasa da abin da aka yarda.